Wilhelm Wundt: Bajamushen da ya fara auna hankalin ɗan Adam a ɗakin gwaji

Wilhelm Wundt (1832–1920) likita ne kuma malamin falsafa ɗan ƙasar Jamus. A shekarar 1879 ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na farko a duniya da aka keɓe domin binciken hankali da halayyar ɗan Adam, a Jami'ar Leipzig. Wannan fanni shi ne ake kira psychologie da Faransanci. Ɗalibin da ya baro Tchamba ko Sokodé ko Dapaong ya je karanta shi a Jami'ar Lomé, ko ya shiga makarantar horar da malamai, sunan Wundt na cikin na farko da zai rubuta a littafinsa. Galibi abin da ake ba shi bai wuce suna da gari da shekara ba.

Tarihin mutumin ya fi haka faɗi, kuma ya taɓa Togo kai tsaye. Shekarun da ya yi yana koyarwa a Leipzig, daga 1875 zuwa 1917, sun haɗiye dukan zamanin mulkin Jamus a Togo, wato 1884 zuwa 1914. A ƙarshen rayuwarsa ya yi rubutu a kan al'ummomin Afirka, har ya kafa hujja da ɗaya daga cikin harsunan Togo.

A taƙaice

Haihuwa: 16 ga Agusta 1832, a Neckarau kusa da Mannheim.
Karatu: likitanci, a jami'o'in Tübingen da Heidelberg da Berlin, 1851 zuwa 1856.
Aiki: Heidelberg daga 1857, Zurich a 1874, Leipzig daga 1875 zuwa 1917.
Ɗakin gwaji: Leipzig, 1879.
Rasuwa: 31 ga Agusta 1920, a Grossbothen kusa da Leipzig.

Haihuwa da ƙuruciya

Lokacin da aka haifi Wundt, Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna. Ƙananan masarautu ne barkatai, tasu kuwa ita ce Baden. Mahaifinsa, Maximilian Wundt, limamin coci ne na ɗarikar Luther, a dangin mahaifiyarsa kuma akwai likitoci da malaman jami'a. Yana ƙarami iyalin suka koma garin Heidelsheim, inda mataimakin mahaifinsa ya riƙa koyar da shi a gida. Ya tashi yaro marar abokai da yawa, mai yawan nutsewa cikin tunani. Da aka kai shi makarantar sakandare a Bruchsal bai taɓuka abin kirki ba, har ya faɗi a shekararsa ta farko. Sai da aka mai da shi Heidelberg sannan karatu ya zauna masa.

A 1851 ya shiga Jami'ar Tübingen, inda kawunsa Friedrich Arnold ke koyar da ilimin sassan jiki. Bayan shekara guda ya koma Heidelberg, a can ya kammala karatun likita. Ya ɗan yi aikin asibiti, amma zuciyarsa na wajen bincike. A 1856 ya je Berlin ya zauna wurin Johannes Müller da Emil du Bois-Reymond, manyan masana yadda jijiyoyi da gaɓoɓin jiki ke aiki. Da ya dawo Heidelberg ya fara ba da lacca a 1857, ɗalibai huɗu kacal suka yi rajistar darasinsa na farko. A shekarar ce kuma ya kwanta ciwo mai tsanani har aka fid da rai, ya ɗauki watanni kafin ya murmure.

A 1858 ya zama mataimakin Hermann von Helmholtz, ɗaya daga cikin manyan masana kimiyya na zamanin. Aikinsa shi ne koya wa ɗaliban likita yadda ake gwaji, a gefe kuma yana nasa rubuce-rubucen kan gani da ji da taɓawa. Ya shiga siyasa ma. Ya yi aiki da ƙungiyar ilmantar da ma'aikata ta Heidelberg, aka kuma zaɓe shi ɗan majalisar Baden a 1866, kafin ya ajiye kujerar bayan 'yan shekaru ya koma kan bincikensa.

Shin tunani yana cin lokaci?

Magana a kan hankali daɗaɗɗiya ce. Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai fiye da shekara dubu da suka wuce. Ibn al-Haytham a Alƙahira ya bayyana cewa ido yana karɓar haske, hankali ne ke yanke hukunci kan abin da aka gani. Anton Wilhelm Amo, ɗan Axim da ke Ghana ta yau, ya kare kundinsa a kan hankalin ɗan Adam a Jami'ar Wittenberg ta Jamus a 1734. Abin da ya rage shi ne awo: a sa agogo da ma'auni a kan aikin hankali, yadda wani zai iya maimaita gwajin ya ga ko zai sami amsa iri ɗaya.

Masana taurari ne suka fara cin karo da matsalar. A 1796 shugaban gidan duban taurari na Greenwich a Ingila, Nevil Maskelyne, ya kori mataimakinsa David Kinnebrook, saboda lokacin da yake rubutawa na wucewar tauraro yana saɓa wa nasa da ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Bayan shekara ashirin da wani abu, Friedrich Bessel ya gano ba sakaci ba ne: kowane mai kallo yana da nasa jinkirin tsakanin gani da ji da rubutawa. A 1850 kuma Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya samu kusan mita 30 a daƙiƙa. Kafin nan masana da yawa sun ɗauka saƙon jijiya ya fi ƙarfin awo.

A farkon shekarun 1860 Wundt ya haɗa tasa na'urar. Ya ɗauki agogon bango mai lilo, ya maƙala masa ƙararrawa da ke bugawa idan lilon ya kai wani wuri, ya sa ma'auni mai lambobi a ƙarƙashinsa. Aikin mai kallo shi ne ya faɗi a kan wace lamba lilon yake lokacin da ya ji ƙarar. Amsar kan saɓa wa ainihin wurin, da kimanin kashi 1 cikin 8 na daƙiƙa. Wundt ya fassara wannan da cewa hankali ba ya riƙe abu biyu cif a lokaci guda, yana tashi ne daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma tashin yana cin lokaci. Mai awon hatsi a kasuwa ya san haka: yana cikin ƙirga mudu aka yi masa magana, sai ƙirgan ya kuɓuce. Ɗan kabu-kabun da ke gudun kilomita 60 a awa a kan hanyar Sokodé zuwa Kara yana shafe kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, saboda haka daƙiƙa ɗaya da hankalinsa ya koma kan waya, mita 17 ce ya yi ba ya tare da hanya.

A 1862 ya fara koyar da darasi kan ilimin hankali ta fuskar kimiyya. A 1871 Helmholtz ya koma Berlin, aka ba wani kujerarsa, aka tsallake Wundt. Ya auri Sophie Mau a 1872, ya duƙufa kan littafin da ya fito da sunansa, Grundzüge der physiologischen Psychologie, wanda aka buga a 1873 da 1874. A cikinsa ya fito fili ya ce yana shata iyakar wani sabon fannin kimiyya. An buga littafin har sau shida a rayuwarsa, kowane bugu yana ƙara kauri.

Leipzig da ɗakin gwaji

Bayan shekara ɗaya yana farfesa a Zurich ta ƙasar Switzaland, Jami'ar Leipzig ta kira shi a 1875 ya riƙe kujerar falsafa. Ya tarar da dattawa biyu da suka share masa fage. Ernst Heinrich Weber ya gano cewa mutum yana jin bambancin nauyi ne gwargwadon abin da yake ɗauke da shi tun farko. Wanda ke riƙe da goro biyar, idan aka ƙara masa ɗaya zai ji. Wanda ya ɗauki huhun goro, ko an ƙara ɗaya ba zai sani ba. Gustav Fechner kuma ya mai da wannan ƙa'ida lissafi a littafinsa na 1860.

Jami'a ta ba Wundt wani ɗaki a tsohon ginin da ake kira Konvikt domin ajiye kayan da yake nuna wa ɗalibai. A 1879 wasu ɗalibai suka fara gudanar da nasu binciken a wurin ƙarƙashin kulawarsa, na farkonsu shi ne Max Friedrich, wanda ya auna tsawon lokacin da hankali ke ɗauka kafin ya tantance abin da ido ya gani. Wannan shi ya sa ake ƙirga 1879 a matsayin shekarar haihuwar fannin. Da farko daga aljihunsa Wundt ke sayen kayan aiki. Sai a 1883 jami'a ta amince da wurin a hukumance ta ware masa kuɗi. A farkon shekarun 1880 ya kafa mujallar Philosophische Studien domin buga sakamakon gwaje-gwajen, a 1897 kuma cibiyar ta koma wani sabon gini mai ɗakuna da yawa. Ya riƙe shugabancin jami'ar daga 1889 zuwa 1890.

Yadda ake gwajin

Babban kayan aikin wurin wani agogon lantarki ne da Matthäus Hipp ya ƙera, mai iya raba daƙiƙa gida 1,000. Mutum zai zauna ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Da zarar ya ga haske ko ya ji ƙara sai ya saki. Amsa wa haske kan ɗauki kusan kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa, amsa wa ƙara kuma ta fi haka sauri kaɗan. Daga nan sai a ƙara wa aikin wuya: ya saki maɓallin dama idan hasken ja ne, na hagu idan kore ne. Lokacin zai ƙaru, ƙarin kuwa shi ne abin da tantancewa da zaɓi suka ci. Dabarar ta samo asali ne daga Franciscus Donders na ƙasar Holan a 1868, Wundt da ɗalibansa suka faɗaɗa ta.

Sun auna yawan abin da hankali ke iya kamawa a ƙiftawar ido. Idan aka haska haruffa barkatai na ɗan lokaci ƙanƙani, mutum kan kama huɗu zuwa shida. Idan haruffan sun haɗu sun ba da kalmar da ya sani, zai kama fiye da haka nesa ba kusa ba. Sun yi amfani da wata na'ura mai bugun ƙwas-ƙwas wadda makaɗan Turai ke daidaita kiɗa da ita, suka lura cewa ko da bugun iri ɗaya ne, kunne yana harhaɗa shi bibbiyu ko hurhuɗu. Daga irin wannan Wundt ya gina babbar hujjarsa: hankali yana zaɓa, yana harhaɗawa, yana ƙera sabon abu daga ɓangarorin da gaɓoɓi suka kawo masa. Ya kuma ce abin da mutum ke ji a ransa yana da fuska uku: daɗi da rashin daɗi, zumuɗi da natsuwa, ɗari-ɗari da sakin jiki.

Ana yawan cewa hanyar Wundt ita ce mutum ya zauna ya dubi zuciyarsa ya faɗi abin da ya gani. Shi kansa ya soki wannan. Abin da ya yarda da shi ƙunƙuntacce ne: mai gwaji ya sami horo, ya san lokacin da abin zai zo, a iya maimaita gwajin, a iya canza ƙarfin haske ko ƙarar. Amsar da ake nema gajeriya ce, kamar "na gani" ko "wannan ya fi wancan". Kuma a Leipzig wanda ake gwadawa ba bare ba ne. Ɗalibai da malamai ne ke karɓa-karɓa, yau kai ne mai riƙe agogo, gobe kai ne mai danna maɓalli.

Ɗalibansa

Kafin ya yi ritaya Wundt ya duba kundin digirin digirgir fiye da 180. James McKeen Cattell na Amurka ya zama mataimakinsa na farko, ya kammala a 1886. G. Stanley Hall ya koma ya kafa ƙungiyar masana fannin ta Amurka a 1892. Lightner Witmer ya buɗe asibitin farko na duba yara masu matsalar koyo a Jami'ar Pennsylvania a 1896. Edward Titchener ya tafi Cornell, Hugo Münsterberg ya tafi Harvard, Oswald Külpe ya kafa tasa makarantar a Würzburg. Emil Kraepelin ya kai hanyar awo cikin likitancin taɓin hankali, kuma rabe-raben cututtukan da ya yi sun yi tasiri a kan waɗanda likitoci ke amfani da su yau. Charles Spearman na Ingila, Vladimir Bekhterev na Rasha da Cai Yuanpei na ƙasar Sin duk sun ratsa ta Leipzig.

A Faransa, Théodule Ribot ne ya gabatar da aikin Jamusawa ga masu karatu a wani littafi na 1879. Émile Durkheim ya ziyarci Leipzig a tsakiyar shekarun 1880. A 1889 aka buɗe ɗakin gwaji a Sorbonne, wanda Alfred Binet ya shugabanta daga baya, shi ne kuma ya fito da gwajin basirar yara tare da Théodore Simon a 1905. Ta wannan hanya ta Faransa ce fannin ya iso makarantun Togo da Nijar da Benin.

Masu ba da labarinsa sun ce mutum ne mai tsari ɗaya kullum: rubutu da safe, leƙa ɗakin gwaji da yawon shan iska da rana, lacca da yamma ba tare da duba takarda ba, ɗakin kuma cike da ɗaruruwan masu sauraro. Masanin tarihin fannin Edwin Boring ya ƙiyasta abin da ya rubuta da wanda ya sake gyarawa da fiye da shafi 53,000.

Inda ɗakin gwaji ya tsaya

Mutumin da ya kafa ɗakin gwaji shi ne kuma ya ce ɗakin yana da iyaka. A ganin Wundt, gwaji ya dace da gani da ji da saurin amsawa da mai da hankali. Zurfin tunani kuwa a cikin harshe da al'ada yake rayuwa, waɗannan kuma ba mutum ɗaya ne ya ƙera su ba, aikin al'umma ne na ƙarnuka. Saboda haka sai a bi su ta hanyar tarihi da kwatance. A kan wannan ya yi jayayya mai zafi da mutanen Würzburg a 1907, lokacin da Karl Bühler ya riƙa yi wa mutane tambayoyi masu wuya yana neman su bayyana yadda amsa ta zo musu. Wundt ya ce wannan ba gwaji ba ne. Tun 1885 kuwa Hermann Ebbinghaus ya nuna ana iya auna hadda da mantuwa, abin da ke nuna iyakar da Wundt ya shata ta yi ƙunci.

Shekara 20 na ƙarshen rayuwarsa ya ba da su ga Völkerpsychologie, wato ilimin hankalin al'ummomi, mujalladi 10 da suka fito daga 1900 zuwa 1920: biyu kan harshe, ɗaya kan fasaha, uku kan tatsuniyoyi da addini, biyu kan zaman jama'a, ɗaya kan shari'a, ɗaya kan al'ada da tarihi. Abin da ya fi daɗewa daga ciki shi ne ra'ayinsa kan magana. Ya ce jimla tana farawa ne a matsayin dunƙulallen nufi a zuciyar mai magana, sannan ya warware ta kalma bayan kalma, mai sauraro kuma ya sake dunƙule ta. Shi ya sa mutum kan tuna abin da aka faɗa masa ya manta kalmomin da aka faɗa da su. Ɗan kasuwar Tchamba da ke ciniki da Hausa, ya juya ya amsa gaisuwa da harshen Tem, ya rubuta rasit da Faransanci, shaida ne a kan wannan batu.

Wundt da Togo

Ranar 5 ga Yuli 1884 Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa gaɓar Togo ƙarƙashin Jamus. Kafin ƙarshen shekarun 1890 Jamusawa sun kafa bariki a Sokodé da Sansanné-Mango, a kan tsofaffin hanyoyin fataken goro da ke zuwa Salaga. Jami'an mulki da 'yan mishan suka riƙa aika rahotanni da ƙamusoshi gida, malaman jami'a irin su Wundt suna karantawa.

Wundt bai taɓa taka Afirka ba. A littafinsa na 1912, Elemente der Völkerpsychologie, ya jera tarihin ɗan Adam a matakai huɗu kamar tsani: mutumin farko, zamanin dangantaka da dabbobin tsafi, zamanin jarumai da alloli, sai matakin da ya kira tafiya zuwa ga cikar 'yan'adamtaka. Da ya zo bayanin yadda harshe da tunani suka faro, ya ɗauko misali daga harshen Ewe na kudancin Togo, yana dogaro da nahawun da ɗan mishan Diedrich Westermann ya buga a 1907. Ya lura cewa Ewe na jera gajerun kalmomi ta ba sabon abu suna, tana kuma jera aikatau bi da bi, sai ya kwatanta tsarin da maganar hannu, ya ɗauke shi alamar tunani na matakin farko.

Masana harshe sun daɗe da watsar da wannan hukunci. Jera aikatau cikakken tsarin nahawu ne mai ƙa'idojinsa, ana samun sa a Ewe da Yarbanci da Sinanci. Harhaɗa kalmomi a yi sabon suna kuwa kowane harshe yana yi. Bahaushe ya ce jirgin sama da gidan waya, Bajamushe kuma abin da yake kiran safar hannu ma'anarsa takalmin hannu. Babu harshen da ke ƙasan tsani.

A daidai waɗannan shekaru, a Kete-Krachi da ke cikin Togo ta Jamus a lokacin, wani malami Bahaushe yana rubuta bayanin al'ummarsa da kansa. Shi ne Imam Umaru, haifaffen Kano wajen 1858, wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich dogayen bayanai da ajami kan tarihin ƙasar Hausa, sana'o'i, fatauci, aure da tarbiyyar yara. Mischlich ya buga ƙamus na Hausa a 1906, a 1973 kuma Douglas Ferguson ya fassara rubuce-rubucen Imam Umaru zuwa Turanci a kundinsa na digiri a Amurka. Irin abin da Wundt ya ce sai da shi za a fahimci tunanin al'umma, wato harshe da al'ada da doka, shi Imam Umaru ya rubuta, kuma daga cikin gida. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wundt ya riƙe wannan ƙa'ida a ɗakin gwaji, amma a kan mutanen nesa da ji ya yi aiki.

Yaƙi da ƙarshen rayuwa

Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke, Togo na cikin wuraren da Jamus ta fara rasawa. Ranar 26 ga Agusta 1914 sojojinta suka miƙa wuya a Kamina kusa da Atakpamé, bayan sun rusa babbar tashar sadarwa da ke wurin. A watan Oktoba na shekarar Wundt ya sa hannu a sanarwar manyan masana 93 da ke kare matakin sojojin Jamus, ya kuma yi rubuce-rubucen kishin ƙasa masu zafi a kan Ingila. Wannan ya zubar masa da daraja a idon tsofaffin ɗalibansa na ƙasashen waje. Bayan yaƙin aka raba Togo: Tchamba da Sokodé da Dapaong suka faɗa hannun Faransa, Kete-Krachi ta faɗa hannun Ingila, yau tana cikin Ghana.

Ya yi ritaya a 1917 yana da shekara 85, idonsa ya yi rauni ƙwarai, 'yarsa Eleonore na taimaka masa da karatu da rubutu. A 1920 ya kammala mujalladi na 10 da kuma tarihin rayuwarsa, ya rasu ranar 31 ga Agusta yana da shekara 88. An binne shi a Leipzig. Jami'ar Tohoku ta Japan ta sayi mafi yawan littattafan ɗakin karatunsa. Ginin cibiyarsa kuwa ruwan bama-bamai ya rusa shi a watan Disamba 1943.

Abin da ya bari

Bayan rasuwarsa ra'ayoyinsa sun dusashe da wuri. A Amurka an fi saninsa ta bakin Titchener, wanda ya nuna shi a matsayin mai farfasa hankali gunduwa-gunduwa, alhali shi a kan nufi da zaɓi ya gina tsarinsa. Sai a shekarun 1970 Arthur Blumenthal da Kurt Danziger suka koma ga rubutunsa na Jamusanci suka gyara hoton. Abin da bai dusashe ba shi ne tsarin aikin: ɗakin gwaji, mujalla, horar da ɗalibai, da sharaɗin cewa wani ya iya maimaita abin da ka samu. Auna saurin amsawa na nan har yau a binciken ƙwaƙwalwa da na haɗurran hanya.

Tambayarsa ta biyu, ta matsayin harshe da al'ada, masu zuwa fili ne suka ci gaba da ita. A shekarun 1960 John Gay da Michael Cole sun yi aiki da 'yan ƙabilar Kpelle a Laberiya, waɗanda yaransu ke shan wuya da lissafin makaranta. Da aka ce a ƙiyasta yawan gwangwanin shinkafa da ke cikin kwano, manoman Kpelle sun fi Amurkawan da aka gwada dacewa. A Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauyen Aro tare da danginsu a 1954. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka ja hankali cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka gwada a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya.

Wannan ya shafi iyaye da malamai a zangunan Togo da Benin da Ghana. Yaron da ke magana da Hausa a gida, da Tem ko Moba a unguwa, ya haddace izu a makarantar allo, idan aka gwada basirarsa da Faransancin da ya fara ji shekara biyu da suka wuce, sakamakon zai haɗa abu biyu: basirarsa da kuma saninsa da harshen gwajin. Raba waɗannan biyu aiki ne da ke buƙatar awo irin na Leipzig, da kuma masu bincike da suka san harsunan yaran.

An yi babban taron masana fannin na duniya a Leipzig a 1980 domin cikar ɗakin gwajin shekara 100. Sai a 2012 taron ya zo Afirka karo na farko, a birnin Cape Town. Sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Leipzig yana ɗauke da sunan Wundt a yau, kuma akwai ɗaki a wurin da aka ajiye wasu daga cikin kayan aikin zamaninsa.